Shingen ƙaya a bakin tafkinmu

Shekarun da ake feshin auduga a ƙauyenmu na wajen Kurfi, masu feshin sukan wanke gangunan maganin a tafkin da dabbobinmu ke sha. Wata damina ruwan ya yi wari, shanunmu biyu suka mutu.

Baba ya hau keke har Dutsin-Ma ya kai kuka. Aka ce masa, "Malam, sai haƙuri. Babu dokar da ta ɗora wa kowa kwashe gubar."

Da ya dawo, ya sari ƙaya ya kewaye tafkin, duk shekara yana sabunta ta har ƙarfinsa ya ƙare. Wannan ƙayar ce kaɗai dokarmu, kuma hannun Baba kawai ta taɓa hukuntawa.