Ranar da Muka Binne Baba a Tsibiri

Ko zan manta komai na zamana a Turai, ba zan manta ranar da Baba ya rasu ba. Na daɗe da dawowa Woolwich, unguwarmu a babban birni, amma har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

A lokacin na samu aikin likita a wani ƙaramin tsibiri can arewacin Scotland. Na tafi da matata da yaranmu biyu da mahaifina, wanda ciwon zuciya ya sa yake zaune a wajenmu. Shago ɗaya ne a garin, makaranta ɗaya, tumaki sun fi mutane yawa. Mu kaɗai ne Musulmi, kuma gaskiya ban saki jiki da kowa ba. Daga gaisuwa sai gaisuwa.

Wata safiya Baba ya ce matata ta haɗa masa shayi. Kafin ruwa ya tafasa, Allah ya karɓi abinsa.

Takardun shaidar rasuwa ba su ba mu wahala ba, tunda an san ciwonsa. Na kira tashar jirgin ruwa don mu kai shi babban gari inda akwai masallaci, aka ce an soke tafiya saboda iska, wataƙila har mako guda. Jirgin sama ma ba ya iya sauka. Tsibirin kuma ba shi da ɗakin ajiye gawa.

Na kira limaminmu na masallacin unguwar Peckham, can babban birni.

"Likita, in ba hanya, ku binne shi nan," in ji shi. "Ka yi masa wanka, ina kan waya."

To a ina? Maƙabartar garin tana bayan coci, a hannun wani tsohon masunci mai ɗaurarriyar fuska, wanda ko hira ba mu taɓa yi ba. Na taka zuwa gidansa, iska na neman kayar da ni. Na yi masa bayani: yau muke so, a likkafani, fuska ga alƙibla. Na riga na fara tunanin yadda zan koma in gaya wa matata an ƙi.

"Ta wace fuska?" ya tambaya.

Na nuna masa a wayata. Ya ɗauki rigar ruwansa, ya ce, "Koma wajen mahaifinka."

Ina cikin wanka, mai shagon garin ta kawo sababbin fararen zannuwan gado, ta zauna da matata suna yankawa. Wata maƙwabciya ta kwashe yaran.

Da la'asar muka fito. Maza tara na tarar a bakin kabari, sun jiƙe sharkaf, bayan awa huɗu suna fama da ƙasa mai duwatsu. Ni kaɗai na tsaya na yi wa Baba sallah. Suka jeru nesa kaɗan, huluna a hannu, babu mai motsi sai da na sallame. Tsohon da kansa ya shiga ramin ya taya ni kwantar da shi.

Wata takwas ina zaune cikin mutanen nan ina yi musu kallon baƙi. Ranar na gane cewa ni ne na rufe ƙofa, ba su ba. Tun daga nan, duk inda na sauka, ba na jiran masifa kafin in san maƙwabcina.