Kawu Isuhu da Ciyawar Abuja

Yau shekara tara ke nan cif da ƙasar nan ta yi rashin babban masanin birnin Abuja, kuma har yanzu ba gidan rediyon da ya sanar. Kawuna ne, Malam Isuhu, manomi a wani ƙauye kusa da Tsanyawa. Duk zamansa a Abuja wuni ɗaya ne, ni ne kuma na kai shi.

Dalilin tafiyar ba mai daɗi ba ne. Likita a Kano ya gaya mana hawan jinin ido ya riga ya yi ɓarna, ɗan ganin da ya rage masa da wuya ya kai kaka. A hanyarmu ta komawa gida na tambaye shi ko akwai abin da yake so ya gani. Ya ce, “Ɗan nan, gero dai na gan shi har ya ishe ni. Kai ni in ga garin da takin gwamnati yake kwana kafin ya iso mu.”

Da yake ni malamin makaranta ne, sai na tsara jadawali kamar na jarrabawa: Dutsen Zuma da hantsi, Masallacin Ƙasa da azahar, tafkin Jabi da la'asar. Idon da kwanansa ya kusa ƙarewa, a ganina, bai kamata a ɓata masa ko minti ɗaya ba.

A Zuma ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Allah mai iko! Amma fa ya ci gona da yawa.” A masallaci ya ɗaga kai ya ƙura wa ƙubba ido. Ina cikin zuba masa tarihin ginin ya dafa ni, ya ce in bari ya ji da idonsa.

A hanyar Jabi jadawalina ya rushe. Kawu ya hangi leburori suna yanke ciyawar gefen titi da inji, koriya shar a tsakiyar rani, suna tarawa za a zubar. Mutumin da ya fito daga inda ba a barin ko taku ɗaya ba shuka, inda ake ɓoyon harawa a kan rufin ɗaki kamar dukiyar marayu, sai ya sa direba ya tsaya. Ya gaida babbansu, ya tambaya, “Malam, wannan ta wane ne?” Aka ce ba ta kowa ba ce. “Kuma ruwa ake ba ta?” Aka ce kullum. Ya yi salati, ya durƙusa, ya damƙi ƙasar wurin ya murza, ya shinshina. Awa biyu muka yi, har da aron buhu ya cika da ciyawar. Ina ta duban agogo raina a ɓace, ya ce, “Ruwa ne a Jabin? Muna da shi a dam ɗin Tomas.”

Kafin a yanke gero idon ya rufe. Amma a shekara shidan da ya ƙara a duniya, duk mai shirin zuwa Abuja daga yankinmu sai ya biyo ta zaurensa. Yakan siffanta ƙubbar nan har ka ji kamar ka taɓa ta. Shawararsa ba ta sauyawa: ka tsaya wuri ɗaya har ka ƙoshi, ka gaida mai aiki, ka taɓa ƙasar garin da hannunka. Ni da na koma ya fi sau goma, ban san launin ƙasar ba sai a bakinsa. Abin da babba ya hango, ko yaro ya hau rimi da takardar shaidarsa ba zai gano ba.

Kwanan baya na ga samari a Zuma sun juya wa dutsen baya suna ɗaukar kansu hoto. Na san abin da Kawu zai ce: a yi tafiya mai nisa don gaida babba, a isa a ba shi ƙeya?

Bai bar littafi ba, gonar ma an raba. Abin da ya bari shi ne yadda ake kallon abu kamar ba za a sake ganinsa ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa.

Ciyawar kuwa, da muka iso gida da buhun, tumakinsa ƙin ci suka yi.