Langar da Ruwa Ya Raba

A ƙauyenmu na bakin Komadugu, lokacin shanyar tattasai sanyi kan sauko tun kafin magariba. Da an idar da salla kakata Ya Falmata take hura wuta a gefen shanya, mu jikoki mu kewaye ta, ƙaurin tattasai yana sa mu atishawa. Hausarta da karin Barebari take fita. Tana da labarai masu daɗi, amma akwai guda da in ta ɗauko shi nake kwana da haushi.

Ta ce tana yarinya, ƙauyenmu da na ƙetaren kogi suka shirya langa ta kwana bakwai a filinmu. Wanda ya fi cin kwanaki shi ne gwanin kwarin duka. Yayanta Bukar shi ne ruwanmu, wato wanda sauran ke karewa har ya kai gida da ƙafa ɗaya. Na ƙetare kuma suna da Madu, siriri kamar kara, ba mai iya ture shi. Ƙarshen rani ne, kogi a bushe, kullum da ƙafa suke tsallakowa. Mu ci yau, su ci gobe, har aka yi uku da uku.

Ran na bakwai aka wayi gari sabon ruwa ya iso da ƙarfi, yana jan itace. Masu fito da gora suka ce ba su shiga. Madu da mutanensa suka tsaya cirko-cirko a wancan gaci, ana ganin juna. Bukar ya roƙi dattawa a jira kwana biyu. Suka ce sharaɗi sharaɗi ne, wanda la'asar ba ta same shi a fili ba ya faɗi.

"To sai me, Kaka?" nakan tambaya.

"Sai aka ce mu ne gwanaye."

"Amma wa ya fi? Bukar ko Madu?"

"Maigidana, ina zan sani? Ko guɗa ba a yi ba. Bukar ya shige ɗaki, bai ƙara kama ƙafarsa da sunan langa ba."

Nakan ce ta sake ƙarshen, ko da ƙarya ce. Sai ta gyara itacen wuta ta ce ita abin da ta gani take faɗa. Wata rana har kuka na yi, ƴan'uwana suna mini dariya. A ganina Bukar wawa ne: an ba ka, ka ƙi murna.

Yanzu a Diffa nake, ina koyarwa, ina kuma horar da samarin unguwarmu ƙwallo. Bara muka kai ƙarshen gasa da samarin Assaga, yaran da suka taso a bukkokin gudun hijira, wasu ko takalmi ba su da shi. Karawa uku aka tsara. Muka ci ta farko, suka rama ta biyu. Ran ta uku aka rufe hanya saboda tsaro, motarsu ta kasa shigowa gari. Na bi masu shirya gasa ɗaya bayan ɗaya ina cewa a ɗaga zuwa Juma'a. Suka ce manyan baƙi sun riga sun zauna, an kafa rumfa. Aka jira minti kaɗan, alƙalin wasa ya busa usur a filin da babu abokin karawa, aka miƙa mana kofi. Yarana suka karɓa suna kallon ƙasa. Wata uku muna shiri.

Sai a ranar na gane abin da aka ƙwace wa Bukar. Wanda ya faɗi yana da abin gyarawa, wanda ya ci yana da abin tunawa. Mu ba mu samu ko ɗaya ba.

Bayan sati biyu na haɗu da mai horar da Assaga a kasuwar tattasai. Ya miƙo mini hannu, ya ce, "Malam, barka da kofi." Ba gatse a muryarsa, da gaske yake. Na riƙe hannunsa na daɗe.