Inda Shafin Yake Tsayawa a Sanyinna

Har yau a gidanmu na Tambuwal babu wanda zai iya faɗa maka sana'ata kai tsaye. In baƙo ya tambayi Baba, sai ya ce ai ɗiyar tasa tana zaune ne a ɗaki tana yi wa mutanen birni gini a cikin kwamfuta. Ban taɓa gyara masa ba, don bai yi nisa da gaskiya ba. Shafukan intanet nake haɗawa, irin waɗanda labari ke tafiya da yatsan mai karatu: ka ja allon waya sama, hoto ya motsa, rubutu ya fito, murya ta fara magana. Na yi wa masu sayar da takalma, na yi wa masu tallan gidaje, duk na manta da su. Wanda ya zauna mini a rai na Gwaggo ne, yayar Baba, wadda ke zaune a Kebbe.

Gwaggo tana da wata al'ada tun kafin a haife ni. Duk Juma'a bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta ɗauko tasbaha, ta fara kiran mamatan zuri'armu ɗaya bayan ɗaya tana yi wa kowa addu'a. Ba ta bin girma ko shekaru, hanya take bi, wato hanyar da kakanninmu suka koro shanu daga dajin Kebbe, ta Sanyinna, ta Dogon Daji, har suka yada zango a Tambuwal. A kowane gari sai ta tsaya kan waɗanda ƙasar wurin ta rufe: wanda rijiya ta rufta da shi, matar da ta rasu wurin haihuwa ranar kasuwa, tsohon da ya ƙi barin shanunsa har ruwa ya tafi da shi. Muna yara mukan ce amin muna satar kallon tukunyar dambu. Da muka girma kuwa kowa ya kama gabansa, ko rabin sunayen babu wanda ya riƙe.

Wata rana na je gaishe ta, idanunta sun riga sun yi yana, ta laluba hannuna ta riƙe.

"Ba mutuwa nika tsoro ba, ɗiyata," in ji ta. "In na tafi, wa za shi ce Allah shi jiƙan su?"

Maganar ta soke ni ƙwarai. Juma'ar da ta biyo na ajiye waya kusa da gwiwarta na naɗi muryarta daga farko har ƙarshe, na koma Tambuwal na buɗe kwamfuta.

Yadda muke wannan aiki, ba a zana shafi gaba ɗaya. Ɓangare guda ake ƙerawa, kamar abin buga bulo, sai a yi ta zuba masa kaya daban-daban. Nawa ɓangaren abu uku yake nema: suna, gari, da muryar Gwaggo. Ka ba shi waɗannan, ya fito maka da mamaci guda a wurinsa. A bayansu na zana hanya, jan layi mai lanƙwasa wanda ke tsawo gwargwadon yadda yatsa ya ja, da 'yan shanu farare suna binsa. Sai kuma wani ɗan umarni da ke gadi, da zarar suna ya shigo tsakiyar allo ya saki muryar, in ya fita ya katse ta. Ranar da na fara ganin layin nan yana tafiya a ƙarƙashin babban yatsana, shanu na biye, muryar tsohuwa na kiran kakan kakana, na koma farko na sake ja. Ni na rubuta kowane layi na abin, amma sai na ji kamar ba ni ba.

Na hau kabu-kabu zuwa Kebbe ina ji da kaina, hanya tana wujijjiga ni ina rungume da jaka. Da na isa, jikokin Gwaggo suka karɓe wayar kafin in gama gaisuwa. To, ka san yatsan 'yan yanzu, tamkar ana korar su. Fuuu, sun taso daga Kebbe sun dira Tambuwal kafin in zauna. Muryar Gwaggo kuwa sai ta fara suna a katse, ta fara wani a katse, ko "Allah" ba ta kaiwa. Tsohuwa ta karkato kunne ta saurara, ta tambaya ko ita ce wannan mai sarƙewa. Da aka ce ita ce, ta ce a kashe. Ta ce ko kan jaki kake, in ka zo maƙabarta kakan rage tafiya ka yi sallama, balle iyayenka.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, amma haushin yaran na ji, don maganarta babu abin cirewa. Na koma na sake gini. A sana'armu kullum koya mana ake yi kada mu tare mai karatu, a bar yatsa ya gudu yadda ya so. Ni kuwa na sa shafin ya riƙa cijewa. In suna ya iso tsakiya sai ya kafe, shanu su tsaya, ka ja iya ƙarfinka ba ya gusawa sai addu'a ta ƙare. Wani abokin aikina da na tura wa ya ce mutane za su zaci wayarsu ce ta lalace. Na ce su zata, ai ba takalma nake sayarwa ba.

Zuwa na biyu na kori yaran, ni na riƙe wayar. Muka bi hanya a hankali, ita tana amsa wa muryarta da amin, tana murmushi, wani wurin ta ce ikon Allah, wai ga ta zaune ga ta kuma tana tafiya. Har muka kai Tambuwal. Na jira yabo, wallahi na jira. Sai ta ce an tsallake ɗaya.

Na ce Gwaggo ba a tsallake kowa ba, duk wanda kika kira yana ciki. Ta ce an tsallake, a Sanyinna. Na tambaye ta wane ne, ta juya fuska ta ce a duba mata ko awaki sun shigo. Na yi juyin duniya, tsohuwar nan ta ƙi cewa uffan. Na dawo gida raina a ɓace, ina gunaguni cewa tsufa ya fara taɓa ta.

Baba na shan fura a zaure na zayyana masa. Ya ajiye ludayi, ya faɗa mini abin da ban taɓa ji ba. Gwaggo ta haifi ɗa namiji kafin duk 'ya'yanta da na sani. Nan Tambuwal ta zo goyon ciki ta haife shi, a hanyar mayar da ita ɗakinta suka sauka wurin dangi a Sanyinna, ƙyanda ta kama yaron, can aka binne shi. Ɗan fari ne. Matan zamaninsu ba su kiran sunan ɗan fari, ba su yi masa wasa a gaban mutane, ko kuka a kansa sai a ɓoye, saboda kunya. Yana raye ba ta kira sunansa ba, da ya rasu ma ba ta kira ba.

Na koma kan asalin muryar da na naɗa, wadda ban taɓa ba. Ai kuwa ga shi nan. A Sanyinna, bayan addu'ar wani kakanmu da maciji ya sara, ta yi shiru mai tsawo, ba ka jin komai sai ƙwayar tasbaha guda ta faɗa kan 'yar'uwarta, sannan ta wuce Dogon Daji. Manhajar da ke yanka mini murya tana zubar da duk inda babu magana, ta zubar da shi. Duk Juma'o'in nan da muke zaune gabanta, ashe a cikin shirun nan take ajiye ɗanta, mu muna zaton numfashi take mayarwa. Na zauna gaban kwamfuta na yi kuka sosai.

Sai dai ɓangaren nawa ba ya karɓar mamaci babu suna, in ka bar gurbin fanko jan rubutun gargaɗi yake watso maka. Zan iya canza shi, aikin ɗan lokaci ne. Amma in ta tafi, wa zai san wanda ake yi wa shirun? Abin da take tsoro kenan tun farko. Baba ya ce shi ya san sunan, yana tsaye a ƙofar gida ranar da aka raɗa shi. Ya tashi ya yi alwala, ya dawo ya zauna, ya kira sunan a cikin wayata da wata murya da ban san shi da ita ba, ya yi addu'a. Na jera su: shirun Gwaggo tukuna, da ƙarar tasbaharta, sannan muryar ƙanenta.

Tare muka tafi Kebbe, a bayan mashin ɗinsa. Duk hanya ina tunanin ko za ta ɗauka mun tona mata asiri a gaban jikoki. Baba ya sallami kowa daga tsakar gida, ya durƙusa gefen tabarma ya ce, "Adda, ki saurara, in ba ki so a cire."

Na ja, shanu suka taso daga Kebbe. Muka iso Sanyinna, muka wuce wanda maciji ya sara, shafin ya cije. Shiru, tasbaha, sai sunan.

Gwaggo ba ta ce amin ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Addu'a ta ƙare, shafin ya saki, na ɗaga yatsa zan wuce Dogon Daji, sai hannunta ya fito daga cikin mayafi ya kama nawa.

"Abin ga, shina komawa baya?"

Na ce yana komawa. Na ɗora babban yatsanta a kan allo, na nuna mata yadda za ta ja ƙasa kaɗan, ta sake turawa sama. Shanu suka ja da baya, suka dawo, aka sake kiran yaron. Ta sake ja da kanta. Baba ya miƙe ya fita waje yana share ido da hannun riga, ni kuma na zauna riƙe mata da wayar, tana ja tana turawa, ana ta kiran mata ɗanta.