Na ce wa nas ba na shan magani, ga abin da ya sami 'yata

Assalamu alaikum. Kusan shekara ɗaya ke nan ban rubuta komai a nan ba. Masu tambaya ko lafiya, ku yi haƙuri, kunya ce ta hana ni amsawa.

Ina da ciwon kumburin hanji tun kafin aure. Zawo da jini, murɗar ciki, rama. Sai da aka zura kyamara cikin hanjina a babban asibiti aka gano shi. Aka ɗora ni a kan wani magani mai tsada da ake sa mini ta jijiya duk sati takwas. Mijina kaɗai ya sani. A gidansu a unguwar Maamobi, ina ce musu ulsa ce.

Da na samu ciki, likitana ya ce kada in daina. Amma ya ja mini kunne: "Maganin nan yana shiga jinin jariri, yana daɗewa. Kada a yi masa allurar BCG, ta tarin fuka, sai mun ba da izini." Ya rubuta takarda ya sa a katin awona, ya ce in nuna a inda zan haihu.

Na cire takardar daga katin awo na ɓoye ta, don surukata Hajiya tana duba katin.

Naƙuda ta zo mini ranar Juma'a da rana, mijina yana shagonsa a Abossey Okai. Hajiya ta kai ni ƙaramin asibitin unguwa. Kafin la'asar na haifi Nafisa.

Washegari nas ta zo da tiren allura. Hajiya tana zaune, ƙannen mijina biyu suna tsaye. Nas ta ce, "Madam, kina da wani ciwo? Kina shan magani?"

Na dubi Hajiya. Na ce a'a.

Ina kallo aka soka mata allurar a kafaɗa. Na ce wa kaina ai kowane yaro ana yi masa. Ko mijina ban gaya wa ba.

Tana wata uku wurin allurar ya ƙi warkewa, yana ruwa. Ina mata wanka na ji ƙullutu a hammatarta kamar ƙwan zabo. Sai zazzaɓi, sai ƙin nono. A trotro, motar haya, kan hanyar zuwa babban asibiti na riga na san abin da na yi.

Likitar yara ta tambaye ni maganin da na sha da ciki. A gaban mijina na faɗi komai. Ya tashi ya fita waje.

Kwana goma sha shida muka yi a kwance. Gwajin jini, hoton ƙirji, hoton ciki. Aka zuƙe ruwan ƙullutun da sirinji, ni na riƙe mata hannu tana tsala ihu. Likita ta ce suna duba ko ƙwayar allurar ta bazu a jikinta, kuma idan ta bazu abin yana iya kisa. Kwanakin jiran sakamako ban iya haɗiye ko koko ba.

Alhamdulillahi, ba ta bazu ba. Amma sai da aka tsaga wurin, aka ba ta maganin tarin fuka na watanni. Kullum da safe in niƙa ƙwaya a cokali, ta tofar, in sake. Fitsarinta ya koma ja kamar manja.

Hajiya ta zo rana ta uku da kwantar da mu, na gaya mata gaskiya. Ta dubi jikarta, ta ce, "Rukayya, kunyata kika ji? Ciwo fa Allah ke kawo shi. Da kin faɗa, da ni zan tare nas ɗin." Maganar nan ta fi mini zagi zafi.

Mijina ya yi sati biyu ba ya mini magana sai ta yarinya. Ban ga laifinsa ba.

Na tambayi likitana ko maganina ne ya cuce ta. Ya ce, "Shi ya riƙe ki har kika kai wata tara. Shirun ne ya kawo wannan."

Yau Nafisa tana da shekara ɗaya da wata biyu. Tana tafiya, tana ƙwace waken da ke hannuna. Sauran rigakafinta duk an yi mata yadda likitoci suka tsara.

Na gode wa Allah, na gode wa ma'aikatan ɗakin yara, da Hajiya da ta riƙa kawo mana abinci kullum ba ta sake tada maganar ba.

'Yan'uwana mata masu irin ciwona, kada ku daina magani da kanku, kada kuma ku guji rigakafi. Ku faɗa wa ungozoma da nas sunan maganinku, ku manna takardar likita a katin awo, ku sanar da wanda zai raka ku haihuwa tun da wuri.

Akwai tabo a hammatar Nafisa. Ranar da ta yi wayo ta tambaye ni, daga bakina za ta ji yadda aka yi. Ku taya ni addu'a ta yafe mini.