Tiyon da Na Zare daga Motar Baba

Bara, da aka ba mu sabuwar jiha, makarantarmu ta shirya wasan kwaikwayo na murna, aka ce ni ne likita. Ban yi mamaki ba, don kaf Birnin Kudu babu wanda ya kai ni iya ɗaure fuska. Farar riga na samu, tabarau na aro. Abin da ya rage shi ne igiyar nan da likita ke ratayawa a wuya yana sauraron ƙirjin mutane.

Baba yana da tsohuwar a-kori-kura da ke jigilar mutane da buhuna tsakanin garinmu da Gwaram. Yayana ne ke janta. Shekara uku yana roƙo kafin Baba ya danƙa masa makullin, kuma tun daga ranar ko wanka zai shiga, da shi yake shiga.

Wata la'asar, Yaya yana masallaci, na ɗaga bonet. A can ƙasan kafireta, ta baya, na hango wani baƙin tiyo mai kaurin ɗan yatsa. Ni ba mahaukaci ba ne, sai da na yi bincike. Na zare bakinsa guda, fetur bai zubo ba. Ruwa ma bai zubo ba. Na leƙa, na shinshina, na hura, iska ta fita ta ɗaya gefen. A gidanmu kuwa duk abin da ba ya ɗauke da komai, na wanda ya fara gani ne. Na ce Turawa ne kawai da son ado. Na yanka shi biyu, na haɗa da waya da murfin gwangwani, na yi likitan da har yau ake labarinsa.

Washegari mota ta ƙi silo. Silo shi ne inji ya yi ta gunaguninsa shi kaɗai, mota na tsaye, ba wanda ya taka totur. Tamu kuwa, in Yaya ya taka, ta yi ruri kamar bijimi. Da ya ɗaga ƙafa sai ta yi tari biyu ta mutu. Wallahi ko a mafarki ban haɗa abin da tiyona ba. Ni ne ma na fi kowa bayani. Na ce man bumburutu ne. Na ce kambun baka ne, tunda an sauya mana lambar mota kowa yana kallo.

Bakaniken tasharmu ya yi kwana uku a kanta. Ya kwance ɗan bututun man silo ya hura da baki har idonsa ya yi ja, ya sauya fulogi, ya murɗa kusa dama, ya murɗa hagu. Da abin ya ishe shi, sai ya ce gudu ne ya cinye injin. Ga shi dama wani mai tsegumi ya kai wa Baba labarin wai an ga Yaya yana tsere da bas wajen Kiyako.

Baba ba ya ɗaga murya. Ya kira Yaya zaure ya ce akwai wani tsohon bakanike a Gwaram da ya yarda da shi, a kai masa motar ranar kasuwa. In shi ma ya ce tuƙi ne, to makulli zai koma hannun ɗan ƙanensa da ke Kano. Ranar Yaya ko tuwo bai taɓa ba. Ni na cinye nasa, cikin tausayawa.

Da yake ba a barin lodin kasuwa, sai aka ɗauke ni aiki na musamman. Ina zaune a tsakiya, duk inda Yaya zai sauka ya ɗaure kaya, sai in zura ƙafa in riƙe totur kada ta mutu. Na riƙe shi da gaskiya. Duk ƙauyen da muka tsaya, kaji suka watse, jakuna suka tsinke igiya. Wata tsohuwa ta leƙo ta tambaye ni da wa motar take faɗa.

Muna dab da Gwaram, Yaya ya sauka ɗaure kaya, sai atishawa ta kama ni. Ƙafata ta ɗaga, inji ya yi shiru. Batir kuma ya riga ya gaji da mu. Dole fasinja suka sauko turi, har da wani Alhaji mai babbar riga da ya naɗe hannuwa yana turawa yana yi mini addu'ar da ba ta yi kama da ta alheri ba.

Mun sami tsohon a gindin mangwaro, bayan kasuwa, yana tauna goro. Na zaci zai fito da akwatin sifana. Ko tashi bai yi ba. Ya tambayi Yaya yaushe ta fara, a hankali ta fara ko rana ɗaya. Yaya ya ce lafiya ƙalau ya ajiye ta, gari ya waye ta rikice. Ya tambaya ko tana shaƙewa in ana gudu, Yaya ya ce a'a. Ya tambaya ko tana hayaƙi ko shan baƙin mai, nan ma a'a.

"To injin da gudu ya cinye ba ya kwana lafiya ya tashi da ciwo," in ji tsohon. "Mai yana zuwa, wuta tana zuwa. Saura mu ji abin da take sha a ɓoye."

Aka tura ta tashi. Tsohon ya sa ni a kujerar direba, ya ce in riƙa sassauta ƙafa kaɗan-kaɗan kamar mai taka ƙwai. Ashe duk ihun da muke sa ta yi ne ya hana kowa jin komai. Ya cire hularsa, ya cusa kai cikin inji har sai ƙeyarsa nake hangowa. Da ruri ya lafa, sai ga wani siririn sauti, kamar maciji yana huci. Ya zura hannu ta bayan kafireta, ya toshe wurin da babban yatsansa.

"Ɗan samari, ɗauke ƙafarka gaba ɗaya."

Na ɗauke. Inji ya ci gaba da gunaguni, luf, kamar mage a cinya. Ya janye babban yatsansa, ta yi tari ta mutu. Sai da ya maimaita sau biyu don Yaya ya gani da idonsa.

Ya bayyana mana cewa a silo man da inji ke samu bai fi cikin cokali ba, kuma an auna masa iskar da ta dace da shi. In wata ƙofa ta buɗe, iska ta kwararo, sai ya zama kunun da aka cika wa ruwa. In an taka totur mai ya yi yawa, ba a ganewa. Ya ce akwai tiyo a wannan bakin, kuma ba ɓera ba ne, don ɓera ba ya zare baki biyu tas ya tafi da kayan. Hannun mutum ne.

Fuskar Yaya ta sauya. Na san lissafin da yake yi. Direban da aka buɗe wa bonet aka yi sata bai sani ba, a wurin Baba bai fi mai tsere daraja ba. Ni kuwa bakina, wanda bai taɓa neman izinina ba, sai ya buɗe.

"Amma Malam, ai tiyon babu komai a cikinsa."

Tsohon ya daina tauna goro. "Kai ya aka yi ka sani?"

Na duba sama, na duba mangwaro, babu mai ceto. Na faɗi komai, har da murfin gwangwani. Tsohon ya yi dariya har ya dafa mota. Ya tono wani guntun tiyo daga tarin tarkacensa ya soka, ya mayar da kusar da bakanikenmu ya murɗe. Yaya bai yi dariya ba. Tun daga Gwaram har gida, duk inda muka tsaya yakan saki totur ya karkata kunne.

Mun iso kafin magariba, Baba yana zaure. Yaya ya bar motar a kunne a ƙofar gida, ya durƙusa ya ajiye ɗayan makullin, na ƙofa, a gefen tabarma. Kafin ya yi magana na riga shi, don na ga in ya fara, zai rufa mini asiri ya ɗauki rabin laifin. Na ba da labarin tiryan-tiryan, ban ƙara gishiri ba, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni.

Baba ya daɗe yana sauraron injin ta bakin zaure. Sannan ya tura wa Yaya makullin.

"Ɗauki abinka. Na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba. Maganar bas kuma za mu yi ta daban."

Ni kuwa aka yanke mini wankin mota kullum da safe har a gama girbin dawa, tayoyi da ƙasan baya duka, ban da bonet. Wannan Yaya ne ke wankewa da kansa, ni ina tsaye daga taku goma, riƙe da bokiti.