Jakada Ya Rasu Bai Kai Adogi Ba

Da safiyar nan labari ya same ni, ina tsaka da shan koko. Malam Yusufu ya rasu, can ƙasarsu Malta.

Yara ba ku san shi ba. Bature ne daga wani ɗan tsibiri a tsakiyar teku, wanda ya taɓa ce mini da keke ma sai a zagaye shi. Yana gama digirin lauya ya zo nan Lafia, muka koyar a sakandare ɗaya muna samari. Daga baya ya koma ya karanta diflomasiyya, ya yi aiki a ofisoshin jakadanci, har ya zama Ambasada.

Amma ni wanda na sani shi ne mai ɗaukar ɗalibi a bayan babur ya kai shi asibiti, ya dawo aji da alli a hannu.

Wata damina zazzaɓi ya kayar da shi a Adogi, nan kusa da Lafia. Iya Hassi, mai sayar da sakwara, ita ta yi jinyarsa a ɗakinta. Tana ba shi kunu tana zaginsa: "Sha, ɗan nema, uwarka ba ta nan!" Tun daga nan yake kiranta Mama.

Bayan ya yi ritaya ya dawo. A waya ya ce mini da Hausarsa ta gargada: "Malam Sale, ba na son taro. Mama nake so in gani."

To, manyanmu na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai suka ji.

Suka tare shi a hanya da jiniya. Suka cusa shi a hol ɗin taro, suka rataya masa babbar riga. Ciyaman ya karanto digirorinsa, sakatare ya maimaita, wani ya tashi ya ƙara masa Furofesa, abin da bai taɓa zama ba. Kowa ya riƙe makirfo sai ya gaida manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, da waɗanda ba su zo ba. Na je na raɗa wa ciyaman cewa tsohuwa na jira. Ya ce, "Baba, ka bari mu gama protokol."

Protokol! Ga mutumin da ya tsufa yana aiki da shi a ofisoshin jakadanci.

Da aka gama jawabai aka shiga layin hoto, da masu neman biza. La'asar ta wuce, direba ya ce jirgi ba ya jira. Iya Hassi ta daka doya tun hantsi, ta ɗaura sabon zani, tana zaune a ƙofar gida.

Malam Yusufu ya riƙe hannuna ta tagar mota ya ce, "Ka ce mata baɗi."

Yau na buɗe Facebook, ga hotunan nan ku 'yan ƙungiya kun baza. "Mun yi rashin uba." Uban wa? Rana guda ya roƙe ku, kuka cinye ta da surutu.

Duk wanda ya je Adogi sai Iya Hassi ta tambaye shi, "Ɗana Bature fa?" Idonta ya tafi, amma kunnenta garau. Cikin masu hoton nan babu wanda ya ce zai je ya gaya mata. Na sa jikana ya fito da mashin. Ni zan je.

Allah Ka ba iyalansa haƙuri. Allah Ka sanyaya wa Iya Hassi, Ka ba ni bakin da zan faɗa mata.

Ku taya mu da addu'a. Ciyaman, kai ma ka yi, amma a taƙaice.